Me ya sa Bature ke “start” ɗin mota amma ba ya “begin” ɗinta?

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus na Turanci zuwa Hausa ya nemi “start” zai tarar an rubuta masa fara. Ya koma baya ya nemi “begin”, nan ma fara. Ya duba “commence”, har ila yau fara. Daga nan sai ya yanke cewa duk kanwar ja ce, ya zaɓi wadda ta fi cika baki ya riƙa jefa ta ko'ina. Jarrabawar JAMB ma ta taimaka wajen dasa wannan tunani, domin a takardar Turanci akwai sashen da ake cewa ka zaɓo kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana, kuma wanda ya haɗa “commence” da “begin” ya ci makinsa. Sai dai kusanci ake tambaya a wurin, ba a ce ɗaya suke ba. Kalmomin nan kowace da inda ta fito, kowace da wurin da ba ta shiga.

Mu fara da sauke wa kanmu nauyi. A mafi yawan jimloli, “start” da “begin” suna musayar wuri ba tare da an ji komai ba. Ka ce “The lesson starts at eight” ko ka ce “The lesson begins at eight”, duka darasi zai soma ƙarfe takwas, kuma babu malamin da zai ja maka jan biro. Ɗan bambancin da ke nan na ɗanɗano ne: “start” ta fi yawo a baki, a hira da kasuwa da waya, “begin” kuma ta fi zama a rubutu da jawabi. Kusan yadda fara da soma suke a wurinmu. Da a nan maganar ta tsaya, da babu abin yi wa fashin baƙi.

Rikicin yana tasowa ne a gaban injin. Idan mota ta ƙi tashi da safe, Bature cewa yake “The car won't start”. Idan aka ɗauke wuta, “Start the generator”. Ka sa “begin” a ɗaya daga cikin waɗannan, jimlar ta mutu, ba wai ta yi nauyi ko ta yi tsauri ba, a'a, ba Turanci ba ce kwata-kwata. Abin sha'awa shi ne kunnen Bahaushe ya riga ya san wannan iyaka tun kafin ya shiga aji. Wa ya taɓa jin direba ya ce mota ta ƙi farawa? Ta ƙi tashi ake cewa. Janareto tayar da shi ake yi, babur a ba shi kik ya tashi. Saboda haka ga ma'auni mai sauƙi wanda ya fi dokokin nahawu da yawa amfani: duk inda Hausa za ta ce tashi ko tayar, ko kunna, ko haddasa, to “start” ce mai wurin, “begin” ba ta da hurumi.

Wannan ba haɗuwa ce ta katari ba. Asalin “start” ba fara take nufi ba. A tsohon Turanci kalmar tana nufin zabura, mutum ya yi tsalle ko ya miƙe zumbur, kuma sai bayan ƙarnuka ma'anar farawa ta tsiro daga cikinta. Tsohuwar ma'anar ba ta ɓace ba. Har yau idan aka rubuta “She woke with a start”, ana nufin ta farka a firgice. “He started at the sound” na nufin ya zabura da jin ƙarar, ba wai ya fara wani abu ba, kuma ɗalibai da yawa suna tuntuɓe a kan irin wannan jimla a littattafan adabi. Kalmar “startle”, wato firgita wani, daga tushe ɗaya suka fito. Mafarautan Ingila ma suna cewa “start a hare” idan suka tayar da zomo daga maɓoyarsa. To, kalmar da aka haife ta da zabura a jikinta, ita ce ta dace da injin da ke kwance shiru sai ya girgiza ya kama ruri.

Daga nan ne “start” ta samu wani ƙarfi da 'yar'uwarta ba ta da shi, wato ikon sa abu ya wanzu alhali da babu shi. “Who started the fire?” tambaya ce a kan wanda ya haddasa gobara. “He started a rumour”, shi ya ƙirƙiri jita-jitar ya sake ta. “She started a business”, ta kafa sana'a, kuma daga nan aka samu “start-up” da ake kiran ƙananan kamfanonin fasaha masu tasowa. Yara biyu sun yi faɗa, an zo rabo, kowa yana nuna ɗan'uwansa yana cewa “He started it”, shi ya tono. Idan matar Bature ta ga mijinta zai ɗauko tsohon ƙorafinsa, kalma biyu take faɗa, “Don't start”, mu kuma mu ce kar ka soma. A duk waɗannan akwai wani da ya tunkuɗa abu ya motsa. Haka ma tafiya: “We start at dawn” na nufin da asuba za mu tashi, mu kama hanya. Ka lura, tashi ta sake fitowa.

Sunayen da aka ciro daga kalmomin biyu sun ƙara fito da bambancin fili. “Beginner” ɗan koyo ne, wanda yake matakin farko na wani ilimi ko sana'a. “Starter” kuwa ita ce sitatar mota da bakanike ke kwancewa, ko ɗan abincin da ake fara kawowa kafin babban, ko ɗan wasan da aka fara wasa da shi ba a ajiye shi a benci ba, ko mai harba bindigar tashi a gasar tsere. Babu mai kiran ɗan koyon tuƙi “starter”, babu kuma mai zuwa kasuwar kayan gyara neman “beginner”.

To ita “begin” fa, ba ta da nata gidan? Tana da shi, sai dai ya fi ƙanƙanta kuma ya fi wuyar nunawa da yatsa. “Begin” tana kallon abu ne a matsayin mai tsawo, mai farko da tsakiya da ƙarshe, sai ta nuna maka yankin farkon. Shi ya sa abokiyar tafiyarta ita ce “end”, yayin da “start” ke tafiya da “stop” ko “finish”. Labari yana da “beginning” da “end”, injin kuwa maɓallansa “start” da “stop” ne. Marubutan labari suna amfani da ita wajen buɗe baki da magana, kamar a ce “Gentlemen,” he began, wato ya buɗe jawabi da cewa ya ku jama'a. Sannan akwai wani salo da kusan nata ne ita kaɗai, inda take zuwa da korewa don nuna cewa abu ya wuce misali. “I can't begin to thank you” ba ya nufin na kasa fara godiya, yana nufin ban san ma ta inda zan gode maka ba. “The money doesn't begin to cover the cost”, kuɗin ko kusa ba su kai ba. Wanda ya fassara waɗannan kalma da kalma zai fito da abin dariya.

Masana harshe sun tono wani bambanci da ya fi wannan siriri. Wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Alice Freed ta yi nazarinsa a 1979, inda ta nuna cewa “start” tana iya tsayawa a kan yunƙurin da ke gaban aiki, alhali “begin” tana shiga cikin aikin kansa. Ɗauki mutumin da ya buɗe baki zai yi magana sai ya fasa. Za ka iya cewa “He started to speak but said nothing”, ya yunƙura zai yi magana amma bai ce uffan ba. Idan ka ce “He began to speak”, mai sauraro zai ɗauka ko kalma ɗaya ce ta riga ta fita. Ba kowane Bature ne zai tsaya a kan wannan ba, wasu ma ba za su ji bambancin ba, kuma ni ban ga dalilin da zai sa ɗan sakandare ya hana kansa barci a kansa ba. Amma ya yi daidai da tarihin kalmar: zabura tana zuwa kafin tafiya.

Akwai ɗan abin nahawu da ya kamata a ratsa ta kansa. Duka biyun suna karɓar aikatau a bayansu ta hanya biyu, ko da “to” ko da ɗafin “-ing”, don haka “It started to rain” da “It started raining” duk daidai ne. Wuri biyu ne kawai zaɓi ke ƙarewa. Idan ita kanta kalmar ta riga ta ɗauki “-ing”, ba a jera biyu, sai a ce “It is starting to rain”, ba a cewa “starting raining”. Idan kuma abin da ke biye aikin zuciya ne ko na ƙwaƙwalwa, irin su fahimta da ganewa da sani, to “to” ake sa wa: “I began to understand”. Sai kuma tarkon da ya fi kama mutane, wato sauyin siffa. “Start” ba ta da rigima, “started” ce jiya, “started” ce bayan “has”. “Begin” kuwa uku take rabuwa, “begin”, “began”, “begun”, kuma “has began” da ake yawan gani a Facebook kuskure ne tsagwaronsa. Ina zargin tsoron wannan tarko na cikin abin da ke kora wasu zuwa ga “commence”, tunda ita “commenced” ce kullum.

“Commence” labarinta daban, kuma sai an koma 1066 za a gane shi. A shekarar ne William na Nomandi, wani yanki na arewacin Faransa, ya tsallaka teku ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, inda aka kashe Sarki Harold. Daga nan har kusan shekara ɗari uku, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gari, Turanci ya koma harshen manoma da barori. Sai a 1362 majalisa ta yi dokar cewa a riƙa shari'a da Turanci saboda talakawa ba sa gane abin da ake faɗa a kansu, kuma abin ban dariya, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. A cikin wannan zamani ne, wajajen 1300, “commence” ta shigo Turanci daga Faransanci. Ta tarar da “begin” zaune tun fil azal, ma'anarsu ɗaya, don haka suka raba aiki bisa matsayi: 'yar gida ta riƙe gida da gona, baƙuwa ta riƙe kotu da fada. Haka Turanci yake a wurare da dama, kalmar gida a ƙasa, ta Faransanci a tsakiya, ta Latin a sama, kamar “ask” da “question” da “interrogate”. Mu ma mun san irin wannan, don kafa makaranta da assasa makaranta abu ɗaya ne, amma ta biyun da ta zo daga Larabci ta fi jin ƙamshin zaure da malamai.

Saboda haka bambancin “commence” da “begin” ba na ma'ana ba ne, na sutura ne. Babbar riga ce, ana sa ta ranar taro, ba a shiga gona da ita. Lauya yana “commence proceedings” idan ya shigar da ƙara. Kwangila tana da ranar da aiki zai yi “commence”. Dokokin Najeriya suna ɗauke da “commencement”, wato ranar da doka ta fara aiki, kuma sashe na 320 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda shi ne na ƙarshe, aikinsa ke nan: ya ce kundin zai fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999. A Amurka kuma “commencement” sunan bikin yaye ɗalibai ne, abin da ke ɗaure wa baƙo kai, ganin an kira ranar gamawa da sunan farawa. Duk waɗannan wurarenta ne. Amma mutum ya rubuta wa abokinsa a WhatsApp cewa ya yi “commence eating”, ko ya ce jariri ya yi “commence crying”, Bature zai ɗauka zolaya ake yi. A ganina wannan ita ce cutar da ta fi damun Turancin ofisoshinmu da jaridunmu, inda ake auna ilimin mutum da tsawon kalmarsa. Sanarwar da ta ce “Sale of forms starts on Monday” ba ta gaza wadda ta ce “will commence” da komai ba, ta ma fi ta saurin shiga kai. Kuma a tuna, duk girman rigarta, “commence” ba ta tayar da mota.

“Initiate” daga Latin aka ɗauko ta kai tsaye, kuma tana da nata aiki na gaske, ba ado kawai ba. Tana nuna wanda ya ɗauki matakin farko a wani tsari da wasu za su ci gaba da shi. Wanda ya yi “initiate” ɗin sulhu shi ne ya fara miƙa hannu, ko da ba shi ya zauna a teburin ba. Don haka tana buƙatar mai yi da abin da aka yi wa. Taro ba ya “initiate” da kansa ƙarfe goma. Tana kuma da ma'ana ta biyu da ya kamata a yi hattara da ita, wato shigar da mutum cikin wata ƙungiya ta hanyar al'ada ko rantsuwa, irin yadda jaridu ke rubutawa game da ƙungiyoyin asiri a jami'o'i. 'Yar'uwarta “instigate” ta fi karkata ga sharri, zuga ce da ingizawa, shi ya sa da tarzoma da bore aka fi jin ta.

Sauran kalmomin kowace hoto take ɗauke da shi. “Launch” daga jifa da mashi ta samo asali, ta koma tura sabon jirgin ruwa cikin teku, ta koma harba roka, kamar yadda aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Najeriya, NigeriaSat-1, daga Rasha a 2003. Abin da aka yi “launch” ɗinsa an shirya shi a ɓoye ne, sannan aka sake shi gaban duniya da ƙarfi, ko sabuwar waya ce, ko yaƙin neman zaɓe, ko hari. A nan gida kalmar ta ƙara wata ma'ana, inda “launching” ɗin littafi ya zama taron tara kuɗi har da babban mai ƙaddamarwa da ake jiran a ji nawa zai saya kwafi ɗaya. “Embark” shiga jirgin ruwa ce, don haka “embark on” ta dace da abu mai tsawo mai haɗari wanda idan an shiga fita ba sauƙi, kamar yajin aiki ko doguwar tafiya. “Inaugurate” kuwa ta samo asali ne daga bokayen tsohuwar Rum masu duba tashin tsuntsaye kafin a naɗa shugaba, kuma har yau ba ta rabuwa da biki da rantsuwa.

Akwai kuma ƙananan kalmomi masu tafiya bibbiyu, waɗanda su ne ainihin Turancin baki, kuma Hausa tana da takwarorinsu daram. Yaƙi da gobara da annoba “break out” suke yi, wato ɓarkewa, ba a cewa biki ya ɓarke sai da zolaya. Damina ko sanyi ko ruɓa idan suka kankama suka zauna, “set in” ke nan. “Set off” da “set out” kama hanya, “set up” kafawa. “Kick off” daga filin ƙwallo ta fito, bugun farko daga tsakiya, ta bazu zuwa taro da kamfe, amma a bakin mutanen Ingila idan aka ce “it kicked off” a wani wuri, sau da yawa ana nufin faɗa ya kaure.

Mai fassara labarai zuwa Hausa ko daga Hausa shi ya fi kowa shan wahala a nan, saboda ƙaddamar guda ɗaya tana haɗiye kalmomi huɗu ko biyar. Gwamna ya ƙaddamar da hanya: aikin aka fara ko an gama an buɗe? A Turancin Najeriya na farkon “flag off” ne, na biyun “commission”. Tsakaninsu akwai shekaru, wani lokaci ma na biyun ba ya zuwa, don haka mai karanta labari yana da haƙƙin a faɗa masa wanne ne. Ita “flag off” ɗin daga ɗaga tuta a sallami masu tsere aka ɗauko ta, kuma mun yi ta amfani da ita har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da ita a watan Janairun 2020 cikin jerin kalmomin Turancin Najeriya, tare da “Kannywood” da “okada” da “danfo”. Ba kuskure ba ce ke nan, tamu ce. Sai dai wanda ke rubuta wa mutumin Landan ko Niyok ya san cewa ba lalle ya gane ta nan take ba.

Biyu daga cikin namu sun fi wannan haɗari, domin a waje suna da ma'ana, amma wata daban. Idan muka ce sabuwar jami'a ta yi “take off”, muna nufin ta buɗe ta fara aiki, har akwai kuɗin da ake kira “take-off grant”. Bature idan ya ji kasuwanci ya yi “take off”, abin da zai fahimta shi ne ya bunƙasa farat ɗaya, kamar jirgin da ya bar ƙasa. Ta biyun ita ce “resume”. Ma'anarta a Turancin ko'ina ita ce komawa ga abin da aka dakatar: makaranta bayan hutu, shari'a bayan ɗagewa, wasa bayan ruwan sama. A ofisoshinmu kuwa sabon ma'aikacin da bai taɓa taka wurin ba ana rubuta masa cewa ya yi “resume duty” ranar Litinin, kuma ma'aikaci yana cewa yana “resume” ƙarfe takwas kullum. A cikin gida kowa ya gane. Amma wanda ya samu aiki a wani kamfani na ƙasar waje ya rubuta musu yana tambayar yaushe zai yi “resume”, za su iya komawa su duba fayil ko ya taɓa aiki da su a baya. Abin da yake so ya tambaya shi ne “When do I start?”